Yadda Ake Fara Aikin Duba Tsofaffin Littattafai Don Sa Kai

Kowa ya sani takarda ba ta da tsawon rai. Gara na cinta, ɓera na yagarta, ruwan damina na jiƙa ta. A wannan yanki namu na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi kuma ga wata ƙarin masifa, watau rashin tsaro. Mutumin da ya bar ƙauyensu cikin dare yana gudun 'yan bindiga ba ya tsayawa ɗaukar adakar littattafan mahaifinsa. Saboda haka ne mutane a ƙasashe da yawa suka duƙufa wajen ɗaukar hoton tsofaffin littattafai shafi shafi, suna ajiyewa a kwamfuta, domin ko takardar ta lalace maganar da ke cikinta ta wanzu.

To, amma hoton shafi kaɗai bai wadatar ba. Ba a iya neman kalma a cikinsa, kuma yana da nauyin saukewa a waya, balle inda layin sadarwa ba shi da ƙarfi. Don haka sai a ba wata manhaja hoton, ta gane haruffan ta mayar da su rubutu irin wanda ake bugawa da hannu. Manhajar nan tana da sauri ƙwarai, sai dai ba ta jin abin da take karantawa. A nan ne ake bukatar mutum ya zauna ya gwada rubutunta da hoton shafin, ya gyara inda ta kuskure. Masu wannan aiki galibinsu 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko kwabo.

Aikin yana da tarihinsa. A shekarar 1971 wani ɗalibi a Amurka mai suna Michael Hart ya fara shirin da ake kira Project Gutenberg, wanda yanzu littattafansa na kyauta sun haura 70,000. Da fari mutum ɗaya ne kan buga littafi sukutum da hannunsa. A shekarar 2000 Charles Franks ya kafa ƙungiyar Distributed Proofreaders, inda ake rarraba littafi shafi shafi ga mutane da yawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2003 kuma aka buɗe Wikisource, ƙanwar Wikipedia, wadda ke karɓar littattafai cikin harsuna da yawa, har da Hausa.

Mu Hausawa muna da bukatar wannan aiki fiye da Turawa, domin manhajar ta fi yin tuntuɓe a harshenmu. Babban abin da ke kayar da ita shi ne haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Sau da yawa takan mayar da su b da d da k, ko ta ɗauki ɓ a matsayin lamba 6. Ku duba irin ɓarnar da hakan ke jawowa. Baƙi sai su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa. Matar da aka ce ta yi ɓari sai a karanta ta yi bari. Haka kuma idan r da n suka matsu da juna a tsohon bugu, sai ta haɗe su su zama m, Birnin Magaji ya koma Bimin Magaji. Lambobi ma ba su tsira ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, amma idan tawada ta dushe manhajar na iya rubuta 1920, wani ɗalibi ya haddace haka ya kai ɗakin jarrabawa.

Ga wanda yake so ya fara, ga matakan da zai bi.

Na farko, ya zaɓi littafin da doka ta yarda a kwafa. A Nijeriya haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce suna da masu su har ƙarshen 2051. Amma Magana Hausa na J. F. Schön, wanda aka buga a 1885, ya zama na kowa, domin mai shi ya mutu tun 1889. Haka nan littattafan C. H. Robinson, wanda ya mutu a 1925.

Na biyu, ya yi rajista ya karanta ƙa'idodin ƙungiyar da ya shiga, sa'an nan ya ɗauki shafi ɗaya tak, mai bugu garau, wanda ba shi da jadawali ko waƙa.

Na uku, ya ajiye hoton a gefe ɗaya, rubutun manhajar a ɗaya gefen, ya bi su layi layi. Kada ya karanta kamar mai jin daɗin labari, domin ido yakan ga abin da zuciya ke tsammani, ya tsallake kuskure. Ya fi kyau ya riƙa furta kalmomin a hankali. Bayan ya gama sai ya sake komawa musamman don sunaye da shekaru da haruffa masu lanƙwasa.

Na huɗu, inda tawada ta goge ko gara ta ci, kada ya cike da ka. Ya sa alama cewa wurin yana da matsala, wataƙila wani yana da kwafin da ya fi wannan kyau.

Na biyar, ya bar wani ya duba bayansa. A Wikisource shafin da ba a duba ba yana da alama ja, wanda mutum ɗaya ya duba yana da rawaya, ba ya zama kore sai wani mutum dabam ya sake dubawa. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo ma, almajiri ba ya fara hadda sai malam ya duba allonsa ya gyara masa.

Yanzu sai babbar doka, wadda ta fi dukan waɗannan muhimmanci. Mai duba littafi ɗan amana ne. Kuskuren manhaja yake gyarawa, ba ya taɓa abin da marubuci ya rubuta. Mu da muka saba da ƙa'idojin rubutun Hausa a aji, hannunmu zai riƙa ƙaiƙayi idan muka ga tsohon rubutu. Kafin a daidaita haruffa masu lanƙwasa wajen shekarun 1930, wasu marubuta kan sa ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu kan sa alama a gefensa, da yawa kuma kan rubuta ch a inda muke rubuta c. Duk wannan a bar shi yadda yake, domin da shi ne masu bincike ke gane yadda rubutun boko ya taso.

Alal misali, akwai littafin Frank Edgar mai juzu'i uku da aka buga tsakanin 1911 da 1913. Sunansa a bango Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, da t ɗaya, kuma haka mai dubawa zai bar shi. Da yawa daga abin da ke ciki an tattaro su ne a Lardin Sakkwato ta hannun Manjo Burdon, Razdan na wancan lokaci, kuma ƙasarmu ta Zamfara tana cikin wannan lardi. Don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da kalmomi irin su sunka da munka da shina da wanga. Wanda bai san Hausar yamma ba yana iya zaton kuskure ne, ya mayar da su suka da muka da yana da wannan, ya shafe muryar kakanninmu da hannunsa yana ganin gyara ya yi. Ɗan Zurmi ko Shinkafi kuwa da ji zai gane maganar gidansu ce. Ashe ke nan karin harshen da wasu ke yi mana dariya a kansa ya zama abin alfahari a wannan fage.

Wani zai ce ai ba a barin ɗaliban kwana su riƙe waya. Gaskiya ne, kuma dokar makaranta abin bi ce. Ana iya yin aikin lokacin hutu, ko a ɗakin kwamfuta da izinin malami. Kafin nan ana iya koyo ba da na'ura ba. Ka kwafi shafi ɗaya daga littafin Hausa, ka ba abokinka ya gwada da na asali, kai ma ka duba nasa. Idan aji mai ɗalibai 40 kowa ya ɗauki shafi ɗaya a rana, littafi mai shafi 200 zai ƙare cikin kwana biyar, a ƙara kwana biyar don dubawa ta biyu. Ribarmu ita ce gogewa a rubutun Hausa, da koyon haƙuri da natsuwa.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu, don Allah kada a ba masu ƙosai da masu tsire tsofaffin littattafai da jaridu su yi ƙunshi da su. Takardun ajami kuwa sun fi bukatar kulawa, domin rubutun hannu ya fi wa manhaja wuyar ganewa, sai wanda ya iya karatunsu ya zauna ya buga su da kansa. A adana su inda ruwa da gara ba sa kaiwa, a nemi a ɗauki hotonsu tun suna karantuwa. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu ɗaura ɗamarar duba su da gaskiya da riƙon amana. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa mu dace, amin.

Daga wani ɗalibi na Aji Biyar.