Wa Ke Kare Ɗan Jarida?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo yana tambaya: shin akwai dokar da ke kare ɗan jarida idan ya bankaɗo asirin masu mulki?

To Malam, akwai. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati. A 2011 aka ƙara da dokar 'yancin samun bayanai.

Wajen aiki da su ne gizo ke saƙa. Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya fitar da bidiyon zargin gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, da karɓar daloli a 2018, Ganduje ya musanta, barazana kuma ta sa Jaafar ya tsere Ingila a 2021. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya sha jefa 'yan jarida a komar 'yan sanda. An gyara shi a 2024, amma kamen bai tsaya ba.

Ɗan jaridar da aka ci zarafinsa a Taraba ya hanzarta sanar da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ reshen jihar, ya adana hujjojinsa, ya nemi lauya kafin ya rubuta jawabi a caji ofis.