Daga tsohuwar takarda zuwa man mota

Da itace ake yin takarda. A cikin itace akwai zaruruwa ƙanana da ake kira seliloz. Seliloz ƙwayoyin sukari ne da suka sarƙe da juna, kamar duwatsun tsakiya a jikin zare. Cikin mutum ba ya iya narkar da shi. Gara da saniya suna iyawa, domin akwai ƙananan halittu a cikinsu masu taimaka musu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsibiran Salomon, wata hunhuna ta riƙa cinye tantuna da tufafin auduga na sojojin Amurka. Sunanta Tirikodarma. Masana sun gano tana fitar da wani sinadari mai suna anzim. Anzim yana aiki kamar almakashi: yana yanka seliloz har ya koma sukari.

Ga yadda ake aikin. Ana yayyaga takarda, a jiƙa ta da ruwa mai zafin digiri 50. Sai a zuba anzim, a bar ta kwana biyu ko uku. In sukari ya fito, sai a sa yisti irin na burodi. Yisti yana mai da sukari etanol. Ana gauraya etanol da fetur a zuba wa mota. Ƙasar Barazil ta kafa babban shirin yin etanol a 1975, amma da rake take yin nata. Rake da masara abinci ne. Tsohuwar takarda kuwa shara ce, ba mai cin ta.

Sai dai akwai matsala. A cikin itace akwai wani abu kamar ƙaro mai suna linyin. Yana da yawa a takardar jarida, shi ya sa take yin ruwan ɗorawa in ta sha rana. Anzim yana manne wa linyin, ya kasa aiki. Ga shi anzim yana da tsada.

Maganin wannan shi ne wani sinadari dangin sabulu. Kowace ƙwayarsa tana da kai biyu: ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana son maiƙo. In an zuba shi kaɗan, sai ya lulluɓe linyin, anzim ya kasa mannewa. Yana kuma sa ruwa ya ratsa takarda da sauri. Ta haka ake samun ƙarin sukari da anzim kaɗan. Ba kowane sabulu ke yi ba: na wanki yana iya lalata anzim. Ɗaya daga cikin waɗanda masana suka gwada sunansa Tween 80.

Tambayoyi
1. Da me ake yin takarda?
2. Mene ne aikin anzim?
3. Me ya sa jarida take sake launi a rana?
4. Ta yaya dangin sabulu yake taimaka wa anzim?

Aiki
Ku shafa man gyaɗa a takarda. Ku ɗiga ruwa a gefe ɗaya, ruwan sabulu a ɗaya gefen. Wane ɗigo ne ya fi bazuwa?