Pat Summitt, ɗiyar manomi mai koyar da ƙwallon kwando

A ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake ce ma Tenesi. Ƙasar noma ce da kiwon shanu. Can aka haifi wata yarinya mai suna Patirisiya Hed, ran 14 ga watan Yuni 1952. Duniya ta fi saninta da sunan Pat Summitt. Sunan na biyu na mijinta ne, kuma "Samit" ake faɗinsa. Sana'a guda ta yi duk rayuwarta: koya ma ƴan matan jami'a ƙwallon kwando, wanda yaran birni ke ce ma basket.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum biyar cikin fili. Da hannu ake yinsa, ba da ƙafa ba. A kowane ƙarshen fili an rataye kwando marar gindi, nisansa da ƙasa mita ukku da ɗan wani abu. Wanda ya jefa ƙwallo ciki ya ci maki biyu, in daga nesa ne maki ukku. A Amurka kowace babbar jami'a tana da ƙungiyarta, kuma ƴan wasan ɗalibai ne masu zuwa aji kamar kowa. Mai koyar da su shi ke zuwa gidajen iyaye neman yara. Shi ke tsara dabarun wasa, shi ke cewa wance ta shiga, wance ta fito. In an ci, a yabi yara. In an sha kashi, shi za a zaga.

Uban Pat, Ricad Hed, manomi ne. Yana da shanun tatsa da gonar taba. Ɗiyansa biyar: maza ukku, sai Pat, sai ƙanwarta. A gidan nan babu aikin maza da aikin mata in ana maganar gona. Tun asuba ake tatsar nono, a tafi lakwal, a dawo a shiga taba ko ɗaukar ciyawa. Uban mutum ne mai tsanani, ba shi da yawan magana, yabo kuwa bai san shi ba. Tun da Pat ta shiga lakwal har ta ƙare sakandare ba ta yi fashin ko kwana ɗaya ba.

Sai dare, in an gama aiki, yaran ke samun wasa. Bisa garken shanu akwai ɗakin ajiyar ciyawa, nan aka kafa musu kwando. Su huɗu suke rabuwa biyu-biyu. Yayyenta ba su raga mata don ita mace ce. In ta faɗi, ta tashi.

Da ta isa shiga sakandare sai aka tarar makarantar yankinsu ba ta da ƙungiyar mata. Me uban ya yi? Bai ce ta yi haƙuri ba. Ya kwashe iyalinsa kaf ya koma wani ƙauye da ake kira Henriyeta, cikin yankin da makarantarsa ke da ƙungiya. Ku dubi mutumin nan da kyau. Bakinsa bai iya cewa "madalla" ba, amma ya tashi gida sukutum saboda ɗiya mace ta yi wasa.

Wasan mata na lokacin ma ba irin na maza ba ne. A makarantun Tenesi mata shidda-shidda suke shiga: ukku na tsaron gida, ukku na kai hari, kuma ba mai ƙetare layin tsakiya. Wai gudun fili duka ya fi ƙarfin mace. Yarinyar da ke ɗaukar damin ciyawa tun tana ƙarama aka ce ba ta iya gudun mita talatin!

A 1970 ta shiga jami'a a garin Martin. Yayyenta maza jami'a ce ta ɗauke musu kuɗin karatu saboda sun iya wasa. Ita kuwa iyayenta suka biya, don a lokacin ba a yi ma mata wannan. Sai a 1972 aka yi wata doka a Amurka. Dokar ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ba ta da ikon bambanta mace da namiji. Amma doka bisa takarda daban, kuɗi a hannu daban. An daɗe kafin abin ya zauna.

A shekararta ta ƙarshe ta ji mummunan ciwo a gwiwa, har aka yi mata aiki. Tana cikin jinya sai babbar jami'ar jihar, wadda ke birnin Noksbil, ta kira ta ta zama mataimakiya. Kafin ta kama aiki, matar da ke riƙe da ƙungiyar ta tafi. Sai aka ce ma Pat: to, ga ƙungiya nan, taki ce. A 1974 ke nan. Shekarunta 22, wasu daga cikin yaranta da shekara guda kawai ta girme su.

Albashinta dalar Amurka 250 a wata. Ita ke tuƙa motar da ke kai su wasa. Ita ke wanke rigunan wasa, rigunan ma da kuɗin saida fanke aka saye su. Ita ke ɗaure ma yara idon sawu kafin su shiga fili. Akwai daren da suka kwana bisa tabarmi cikin ɗakin wasan abokan karawarsu, don ba kuɗin masauki. Ban da wannan tana koyarwa a aji, kuma ita kanta tana karatun ƙarin digiri.

Wasanta na farko, a watan Disamba 1974, an cinye su 84 da 83. Maki ɗaya tak. Ta buga ma ubanta waya. Abin da ya ce mata gajere ne: ba a kai jakuna sukuwar dawaki. Maganar da zafi, amma ta gane. In tana son ci, sai ta fita neman yaran da suka iya. Ran 10 ga Janairu 1975 ta ci wasanta na farko, 69 da 32. Mutum 53 ne suka zo kallo.

Ita kanta ba ta bar wasa ba tukuna. A 1976 aka fara sa ƙwallon kwando na mata cikin wasannin Olimfik, a birnin Monreyal na Kanada. Da gwiwar nan da aka ɗinke ta shiga ƙungiyar ƙasarta, suka zo na biyu bayan Tarayyar Sobiyet. Shekara takwas bayan haka, a 1984, ita ce ta koyar da ƙungiyar Amurka da ta ɗauki zinariya a Los Anjeles.

Kofin jami'o'in ƙasa kuwa ya daɗe yana ƙin ta. Ta kai wasan ƙarshe a 1980, aka cinye ta. A 1981 haka. A 1984 haka. Mutane suka fara cewa ta iya kai ƙofa, ba ta iya shiga ɗaki ba. Sai a 1987, shekararta ta goma sha ukku kan aiki, yaranta suka lallasa jami'ar Luwiziyana Tek 67 da 44. Daga nan ta sake ɗauka a 1989 da 1991.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya sa muka zaɓi labarin matar nan. Pat tana da dokoki, kuma na farkonsu ba su shafi ƙwallo ba. Kowace yarinya tata, in ta shiga aji, dole ta zauna cikin layi ukku na gaba. Ba zaman baya, inda ake gyangyaɗi. Wadda ta yi fashin aji ba dalili, ba ta wasa, ko da ita ce gwanar ƙungiya, ko da wasan gobe babba ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyarwa, don in ka zaunar da gwanarka aka cinye ka, kai jama'a za su tuhuma, ba malamin aji ba. Ta san da haka, ba ta sassauta ba. Dalilinta a fili yake. A shekarunta na farko babu wata gasar ƙwararru mai ɗorewa ta mata a Amurka. Wadda ake yi yanzu sai a 1997 aka fara ta. Yarinya in ta yi shekara huɗu ta fita, ƙwallo ba ya ciyar da ita. Takardar shaidar karatu ce za ta rage mata. To, cikin shekara 38 da Pat ta yi, duk yarinyar da ta cika shekarun wasanta a hannunta ta fita da digiri. Duka, ba wadda ta rage.

Kada mu mai da ita waliyyiya. Mace ce mai zafi, ta gado ubanta. Tana da wani kallo da ya yi suna a Amurka duka: in ta kafa ma yarinya ido, ba sai ta yi magana ba. Horonta yana da wuya ƙwarai, kuma akwai yaran da suka kasa jurewa suka koma wasu jami'o'i. Ita da bakinta ta yarda cewa a farkon aikinta ta cika tsawa, sai da girma ya zo ta koyi sauraro. Amma matar nan dai ita ke kiran yaran gidanta ta dafa musu abinci da hannunta. Iyaye da yawa saboda tsananin nan suka ba ta ɗiyansu.

Akwai labarin da mutanen Tenesi ba su gajiya da shi. A watan Satumba 1990 tana da tsohon ciki, amma ta shiga jirgi ta tafi jihar Pensilbaniya neman wata yarinya, Mishel Marsiniyak. Tana zaune a gidan iyayen yarinyar sai naƙuda ta taso. Aka ruga filin jirgi. Suna sama, matuƙin ya ce bari ya sauka a jihar Birjiniya, nan ne kusa. Pat ta ƙi. Wata shidda kafin nan jami'ar Birjiniya ce ta fitar da ita daga gasa, ba za ta haihu a ƙasarsu ba! Haka ta daure har Noksbil, ta haifi ɗanta Taila. Hankali ne ko taurin kai? Ku tattauna wannan tsakaninku. Yarinyar kuwa, bayan duk wahalar nan, wata jami'a ta zaɓa. Sai daga baya ta dawo wajen Pat, kuma ita aka zaɓa gwanar wasannin ƙarshe sa'ad da suka ɗauki kofi a 1996.

Ran da aka ci kofin 1996 ɗin nan ne ubanta ya rungume ta. Ta ce shi ne karo na farko. Shekarunta 43.

A 1997 an cinye su sau goma cikin shekara, duk da haka suka ɗauki kofin. A 1998 suka yi wasa 39, suka ci 39. Sai kuma 2007 da 2008, zamanin wata doguwar yarinya mai suna Kandas Paka. Kofi takwas ke nan. Ƙungiyar da mutum 53 suka zo kallo, ta kai wani lokaci mutum fiye da dubu ashirin ke cika ɗakin wasanta. A 2006 albashin Pat ya wuce dala miliyan ɗaya a shekara, ita ce ta fara kai haka cikin masu koyar da mata. An taɓa yi mata tayin ta koma koyar da mazan jami'ar. Ta ƙi, don ba ta ga abin da ya sa za a ɗauki hakan ƙarin girma ba.

Ku ɗauki alƙalami. Ta ci wasa 1098, an cinye ta 208. Wasa nawa ke nan duka? Cikin kowane goma, nawa take ci? Ran da ta bar aiki, babu mai koyarwa a manyan jami'o'in Amurka, namiji ko mace, da ya kai ta yawan ci. Daga baya wasu sun wuce ta.

Wajen 2011 sai ta fara mantuwa. Ta ajiye makulli ta rasa inda yake. Ana tsakiyar wasa, dabarar da ta sani kamar sunanta sai ta ɓace mata. Likitoci suka duba, suka ce cutar Alzaima ce. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, tana cin tunanin mutum sannu-sannu har ya kasa gane nasa. Ba hauka ba ce, ba sammu ba ne, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Ta fi kama tsofaffi ƙwarai. Pat shekarunta 59 kawai.

Da ta so, sai ta ɓoye ta ce gajiya ce. A watan Agusta 2011 ta fito ta faɗa ma jama'a sunan cutar da bakinta. Ta ƙara shekara guda kan aiki, mataimakanta suna ɗauke mata nauyi, suka ci wasa 27, aka cinye su 9. A watan Afirilu 2012 ta miƙa ƙungiyar ga Holi Walik, wadda ta yi wasa a hannunta tun shekarun farko, kuma ta yi mata mataimakiya shekara 27. A wannan shekarar shugaba Obama ya ba ta lambar girma mafi girma da ake ba farar hula a Amurka. Ita da ɗanta suka kafa wata gidauniya mai tara kuɗi don binciken cutar da taimakon masu jinya.

Da jiki ya yi tsanani, tsofaffin yaranta suka riƙa zuwa Noksbil daga wurare masu nisa, wasu da ɗiyansu, don su gan ta. Ta rasu ran 28 ga Yuni 2016, tana da shekara 64. Filin da ƙungiyar ke wasa a kai, tun 2005 sunanta aka rubuta bisa katakonsa. Da yawa cikin yaranta su ma koyarwa suka kama. Ɗaya daga cikinsu, Keli Hafa, wadda ta ci kofi ukku a hannunta, ta riƙe ƙungiyar Tenesi ɗin daga 2019 zuwa 2024. Wata kuma, Kara Lawson, jami'ar Duke ce ta ɗauke ta a 2020.