Me Ya Sa Malamin Hausa Yake Yawan Jan Biro?

Ɗalibai da yawa sukan yi gunaguni idan littattafansu suka dawo cike da jan biro. Abin da sukan faɗa shi ne, "Ai Malam ya gane abin da nake nufi." Gaskiya ne, na gane. Amma na gane ne domin na san ku, na kuma san tambayar da na yi muku. Takardar da za ku rubuta bayan kun bar makarantar nan za ta faɗa hannun wanda bai taɓa ganinku ba, kuma ba za ku kasance kusa da shi ku gyara masa ba.

Ku lura da wani abu game da rubutun boko. Idan muna magana, murya takan hau ta sauka, wasali yakan yi tsawo ko ya gajarta. Duk wannan ba ma rubuta shi. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, baƙaƙensu ɗaya ne a takarda. Haka kan mutum, da kai da nake yi wa magana, da kai saƙo. Ashe tun kafin marubuci ya yi kuskure ko ɗaya, mai karatu yana da aikin cinta a gabansa. Ɗan abin da rubutu ya rage masa na jagora shi ne ƙugiya, da raba kalmomi, da aya da waƙafi. In an hana shi waɗannan ma, da me zai kama hanya?

Mu fara da ƙugiya. Baki daban, baƙi daban. Kare dabba ne, ƙare kuwa gamawa. Idan sakataren ikilisiya ya rubuta sanarwa cewa masu kawo baiko su shigo ɗaiɗai, amma ya bar ƙugiyar, mai karantawa ranar Lahadi zai ce su shigo daidai, kowa ya taso gaba ɗaya. Unguwarmu ma Ƙofar Sauri ce, amma ku duba alluna a bakin hanya ku ga sau nawa aka ba ta ƙugiyarta. Ƙofar Ƙaura kuwa biyu take bin masu fenti.

Waɗannan baƙaƙe ba daga sama suka faɗo ba, an sha wahala kafin a same su. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A wancan zamani wasu sukan ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu su maƙala masa alama a gefe, don a bambanta sautin. A haka aka yi ta tafiya har lokacin da G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin da R. M. East yake riƙe da hukumar talifi a Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka sami gindin zama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa jama'a da su. Editanta kuwa Abubakar Imam ne, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta garin nan. Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taro a Bamako a 1966, aka sake yin wani a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Mutanen da suka yi wannan aiki ba su da abin da kuke da shi yau, domin ko wayar hannu ana iya sa mata allon rubutu mai ƙugiya.

Inda na fi kashe tawada shi ne raba kalmomi da haɗa su. Nan ne ma hatsarin ya fi yawa, don kuskuren ba ya nuna kansa. A ce mai gida ya aika wa yaron shagonsa takarda yana so ya ce "a ba shi buhu biyu", sai ya rubuta "a bashi buhu biyu". Kyauta ce ko biya ne aka yi nufi, ga shi ta koma rance, kuma wata rana sai an kira shaidu. Sunan jaridar da na ambata ma darasi ne. "Ta fi" kalmomi biyu ne. In ka haɗa su ka rubuta "tafi", ka sallami gaskiya ke nan. "Akan yi" yana nufin abin da aka saba, "a kan tebur" yana nuna wuri. "Ba ta zo ba" ake rubutawa, ba "bata zo ba". A ɗaya gefen kuma akwai masu raba abin da ba a rabawa. "Yana", "suna", "yake" da "sukan" a haɗe suke, haka ma "littafinsa" da "rigarta". Dabarar da nakan ba 'yan aji ɗaya ita ce su tambayi kansu ko abin da suka haɗa ya zama wata kalma dabam mai ma'anarta. In ya zama, su tsaya su sake dubawa.

Batun jinsi ba zan daɗe a kansa ba. Da yawa cikinku Hausa ba ita ce harshen gida ba, kuma a wurare da dama "kasuwa ya cika" ba ya sa kowa ya ɗaga kai. Ba abin dariya ba ne, ba na kuma yarda a yi wa kowa dariya a ajina saboda shi. Sai dai daidaitacciyar Hausa ta ce "kasuwa ta cika", ita ce kuma ake nema a jarrabawar WAEC da NECO.

Katsinawan asali ma kada su yi saurin murmushi. Mai cewa "tahi" da "hwari" bai yi laifi ba, Katsinanci ne, kuma ni ina jin daɗinsa a kunne. Baki yakan ce "Ƙofas Sauri", hannu ya rubuta "Ƙofar Sauri". An zaɓi hanya ɗaya ta rubutu ne, wadda aka gina galibi bisa Kananci, domin ɗan Sakkwato da ɗan Maraɗi da ɗan Jos su iya karanta littafi ɗaya. Wannan zai fi bayyana ga duk wanda aka taɓa miƙa wa Littafi Mai Tsarki ya karanta a gaban taro a garin da ba nasu ba.

Ga aikin hutu ga 'yan aji uku zuwa shida. Kowa ya kwafo rubutu goma daga allunan shaguna, da jikin motoci, da saƙonnin waya, yadda ya gan su. A ƙarƙashin kowane ɗaya ya rubuta yadda ya kamata ya kasance, ya kuma faɗi ko kuskuren ya sauya ma'ana ko bai sauya ba. Kada a rubuta sunan mai shago. A kawo mini a makon farko na sabon zango.