Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Shiga Hanyar Daji

A duk zangon karatu akwai safiyar da za ka tarar da bas ɗin makaranta a bakin get, ɗalibai sun kewaye ta da jakunkuna. 'Yan safiyo da ƙafafun na'urarsu, 'yan aikin gona za su duba wata fadama, 'yan ma'adinai da gudumarsu, ga kuma waɗanda SIWES zai jefa wajen masu haƙar rijiyar burtsatse ko masu aikin hanya a can cikin ƙauyuka. Kowa ya zo da caja, da garin kwaki da ƙuli, wasu har da sifika. Amma ka ce wa ke da bandeji, sai kowa ya juya ya kalli direba. Shi kuwa direban, in ka matsa masa ya buɗe but, ba mamaki ka tarar safayarsa ta yi wata uku ba iska.

'Yan uwa ɗalibai, babban bambancin hanyar daji da kwalta shi ne lokaci. In taya ta fashe tsakanin Kano da Zariya, mai faci bai fi tafiyar 'yan mintuna ba, in hatsari ne kuma ga lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, ga 112 ta gaggawa. Amma a cikin gandun dajin Gashaka Gumti, ko ƙauyukan tsaunin Mambila, ko yashin Yusufari a Yobe, ko fadamun Haɗeja zuwa Nguru da damina, kana iya yin awanni babu sabis ko ɗigo, babu motar da za ta gifta. A waɗannan awannin, mutanen da ke cikin motar su ne likita, su ne bakanike. Abin da suka ɗauko kuma shi ne duk abin da suke da shi.

Ruwa za mu fara da shi, don shi ne ke kashewa ko da babu wanda ya ji ciwo. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara. Daga Arlit suka taso, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Babu karo, babu wuta, lalacewar mota ce kawai irin wadda a cikin gari za ta ci wa mutum rabin wuni a gareji. Na san tafiyarmu ba ta kai wannan nisan ba, amma lissafin ɗaya ne. Ni a ganina kada a tashi da ƙasa da lita 5 ga kowane mutum a wuni, a ƙara na wuni guda na ko-ta-kwana, sannan a ware jarka daban ta lagireto da wankin ciwo. A raba ruwan a jarkoki biyu ko uku, in ɗaya ta huje ba a yi asarar duka ba. In wuri ne mai faɗi da ba gari kusa, a zauna gun motar: tana ba da inuwa, kuma mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum. In an tabbata akwai ƙauye kusa, mutum biyu su tafi da sanyin safiya ko na yamma, ba mutum ɗaya ba.

To, in an samu rauni fa? Akwai wani abu da na lura muna yin sa a juye: muna ɗaure ƙafa tamau a inda bai kamata ba, muna kuma jin tsoron ɗaurewa a inda ɗaurin ne zai ceci rai.

Ɗauki zubar jini. Abin farko shi ne dannawa. Ka sa safar hannu ta roba in akwai, ka ɗora tsumma mai tsabta a kan ciwon, ka danna da ƙarfi na minti 10 cur ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Wannan leƙen shi ke ɓata aiki, don yana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. In ya jiƙe, ƙara wani a kai, ka ci gaba. Kada a zuba fetur, ko man birki, ko ƙasa, ko toka. Amma in jinin yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa, nan ne wurin ɗauri. A ninke ɗankwali ko rawani ya yi faɗin yatsu uku, a ɗaura sama da ciwon da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, a zura sifana a ƙullin a murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi zafi, zai yi ihu, kada tausayi ya sa a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaura a jikinsa da biro, ma'aikatan asibiti ne kawai za su kwance. Waya ko siririyar igiya ba sa wannan aikin, yanka nama suke.

Saran maciji kuwa, a nan ne ba a ɗaurewa, kuma a nan ne kowa ke rige-rigen ciro igiya. Macijin da ya fi yi mana ɓarna a yankin nan shi ne kububuwa, ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa. Ka ga kenan mai tsaga wurin da reza ya buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Ɗauri kuma yana tare dafin wuri ɗaya ya ruɓar da nama. Tsotsa ba ta fitar da komai, baƙin dutse ma haka. Abin yi: a kwantar da mutum, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a tallafe ƙafar da sanda kamar mai karaya don kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi ɗauka, kada ya taka. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Kuma kada a ruɗu don ya ce ya ji sauƙi, kububuwa takan bar mutum yana hira, daga baya dasashi ya fara jini. Maganin gaskiya allurar kashe dafi ce, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Kaltungo a jihar Gombe ta shahara da wannan aiki, amma in tafiyarku ta yi nisa da can, ku tambayi inda ake samun allurar tun kafin ku tashi. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, sannan asibiti.

Ƙuna a hanya yawanci daga lagireto take zuwa, ko salansar babur. Ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, sannan a rufe da leda mai tsabta. Man goge baki, ƙwai, gishiri, baƙin mai, duk a bar su inda suke. Karaya kuma ba aikinmu ba ne mu ja ko mu gyara, mu ba masu ɗori ba ne. A tallafe da katako ko sanda yadda aka same ta, a ɗaure sama da ƙasa. In mota ta kife mutum yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a fizgo shi sai in wuta ce ta tashi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa.

Gudawa da zafin rana su ma suna kayar da ƙato. Ruwan gishiri da sukari kowa ya ji sunansa, amma ma'aunin ne ba a riƙe ba: lita 1 na ruwa, wato fiya wata leda biyu, sukari cokalin shayi 6 shafaffu, gishiri rabin cokalin shayi. In abokinka ya fara surutai marasa kan gado a tsakar rana, jikinsa zafi rau, ba aljanu ba ne. Inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi ta fifita, a nufi asibiti.

Sai an gama da mutum ake komawa kan ƙarfe. Taya ce ke fara ba da matsala, don haka safaya mai iska, jak, sifanar taya, famfo da kayan faci su ne farilla. A ƙara guntun katako mai kauri, saboda jak a kan yashi ko laka nutsewa yake. A sassauta notuna tun taya na ƙasa, a datse sauran tayoyin da duwatsu, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar. Kuma don Allah kada wani ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, komai saurin da ake yi.

In mota ta kafe a yashi, direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur, don duk juyin banza da taya ta yi kabarinta take haƙawa. A sauke mutane, a yashe gaban tayoyin da shebur, a shimfiɗa kafet ɗin ƙafa ko rassa. A rage iskar taya daga wajen 32 zuwa 18 ko 20, tafinta zai ƙara faɗi ta hau kan yashin. Amma da wannan iskar sai tafiya a hankali, ba a karya kwana da ƙarfi, kuma da an fita a mayar da ita. In wata mota ce za ta ja ku, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don ja, ba a bamba ba. Kowa ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar, a yafa bargo a tsakiyarta. Igiyar da ta tsinke da ƙarfe a bakinta ba ta da maraba da harsashi.

Allurar zafi in ta hau, a tsaya, a buɗe bonet, a jira kamar rabin awa kafin a taɓa murfin lagireto, shi ma da tsumma. Yawanci fambel ne ya tsinke ko hos ya tsage, shi ya sa ake tafiya da safayarsu. In babu, robar tsohon tib da waya suna riƙe hos, a bar murfin bai ɗauru sosai ba don kada ƙarfin tururi ya sake fasa shi, a riƙa tsayawa ana ƙara ruwa. Mota ta ƙi tashi gaba ɗaya? Kafin a fara zargin inji, a girgiza kan batir, sau da yawa shi ne ya saki, sifana lamba 10 ta gama magana. Fis in ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a maye shi da waya, haka motoci ke kamawa da wuta. Man 'yan bumburutu kuma, in ya zama dole, a tace shi da ƙyalle, a tafi da filtar mai ta safaya. Tankin fetur in ya ɗan huje, sabulun wanki da aka murza ya yi laushi yana toshe shi har a isa gari, tsohuwar dabarar direbobi ce kuma tana aiki.

Rafi da damina shi ne inda jarumta ke cin mutane. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota. Wani ya fara shiga da sanda ya auna, in ruwan ya kai gwiwa kuma yana ja, a zauna a jira, ruwan kwari yakan janye cikin awanni. In inji ya mutu a tsakiya, kada a sake murɗa makulli. 'Yan makanikal sun san dalili: ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda fistin ya taso masa, kwanrod ne zai lanƙwashe. A tura ta waje tukuna.

Duk wannan karatun a takarda ne, hannu kuwa sai da gwaji. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana koyar da taimakon farko, ga kuma wokshop ɗin motoci a cikin makarantar nan. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar ɗalibai ta haɗa Asabar guda ba, kowa ya cire taya da hannunsa, ya ɗaura bandeji a hannun abokinsa. Kafin nan, duk ajin da zai fita, wakilin aji ya tsaya a buɗe but a gabansa tun ana gobe tafiya. A tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro, a tsara yadda dare ba zai riske ku a daji ba. Mai asma ko sikila ko ciwon suga ya faɗa, ya ɗauko maganinsa. Sannan a bar takarda a dipatimen da kuma hannun wani a hostel, ɗauke da sunayen matafiya, lambar mota, garuruwan da za a ratsa, da ƙarfe nawa ne in ba a ji ɗuriyarku ba za a fara nema.