Kishin ƙasa na Kiristanci da makarantun Amurka

Malam Habu daga Maraɗi na tambaya: mene ne kishin ƙasa na Kiristanci a Amurka?

To Malam Habu, kishin ƙasa na Kiristanci aƙida ce mai cewa Amurka ta Kiristoci ce, doka da makaranta su bi addininsu. Misali, a 2024 jihar Luwiziyana ta wajabta liƙa Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki a kowane ajin makarantar gwamnati, alhali Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka a jihar Kentaki tun 1980. Magoya bayan dokar na cewa tarbiyya ce. Amma harajin kowa ya gina makarantar, kuma dimokuraɗiyya na raunana idan yaron Musulmi ko Hindu ya ɗaga kai ya ga gwamnati ta fifita addinin wani. Har wasu limaman coci sun kai ƙara kan dokar ta Luwiziyana.