Hasken Leza da Buɗe Jijiyar Jini: Ina Haɗarin Yake?

Gabatarwa

Jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya da jini ƙanana ne ƙwarai, faɗin manyansu bai cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Yayin da shekaru suka ja, kitse da wasu ƙwayoyin halitta sukan taru a bangonsu, wani lokaci sinadarin kalsiyam ya sauka a kai, tarin ya sandare. Hanya sai ta tsuke, jini ya ragu. Daga nan ciwon ƙirji ke tasowa. In toshewar a ƙafa take, ƙafar ta riƙa ciwo wajen tafiya, har ta kai ga ruɓewa.

A shekarar 1977 Dokta Andreas Gruentzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani majinyaci a birnin Zurich ba tare da tsaga ƙirji ba. Ya zura siririn bututu mai balan-balan a baki, ya hura shi a wurin da ya tsuke. Sai dai balan-balan danne tarin yake yi a jikin bango, ba ya kawar da shi, kuma in hanya ta toshe gaba ɗaya ba ya samun wurin shiga. Wannan ne ya sa masana suka waiwayi leza, wato haske mai launi ɗaya da aka tattara wuri guda, wanda Theodore Maiman ya fara samarwa a 1960.

Yunƙurin farko

A farkon shekarun 1980 an gwada tura hasken ta cikin zaren gilashi mai tsirara. Matsalar ita ce haske a miƙe yake tafiya, jijiya kuwa tana da lanƙwasa, kuma ba ya bambanta kitse da lafiyayyen bango. Sau da yawa sai ya ɓula jijiyar. In haka ta faru a zuciya, jini kan taru cikin jakar da ke lulluɓe da ita, ya matse ta har ta kasa bugawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Don magance haka aka sanya wa zaren hular ƙarfe. Hasken ba ya fita waje, sai dai ya zafafa hular zuwa kimanin digiri 400 a ma'aunin Salshiyos, ita kuma ta narka hanya, tamkar yadda maƙeri ke huda ƙota da jan ƙarfe. An gwada wannan a jijiyoyin ƙafa a Sheffield ta Ingila da Boston ta Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Ɓulawa ta ragu, amma wata illa ta bayyana: zafin yana ƙona bango, jijiya ta ƙanƙance, jini ya yi guda a wurin ƙunar. Tarin da ya sandare kuma bai cika narkewa ba. Ba a daɗe ba aka jingine wannan dabara.

Leza mai sanyi

Wadda ta tsaya da ƙafarta ita ce lezar eksima, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don jijiyoyin zuciya a 1992. Haskenta mai tsawon zango nanomita 308 ne, ido ba ya ganinsa. Yana fita ne ƙyaf-ƙyaf, kowace walƙiya ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, kuma tana cin kimanin milimita 0.05 kawai. Saboda haka zafi ba ya samun damar yaɗuwa.

Duk da haka sai an kiyaye ƙa'idoji uku. Na farko, bututun yana bin siririyar waya da aka riga aka zura, don kada ya kauce. Na biyu, ana tura shi a hankali, kada ya wuce milimita 1 a daƙiƙa. Na uku, ana kora jini da ruwan rinin ɗaukar hoto da ruwan gishiri kafin a kunna, domin su biyun suna shanye hasken su haifar da kumfa mai ƙarfi da ke iya tsaga bango.

Hukuncin gwaji

A 1996 aka wallafa sakamakon wani bincike daga ƙasar Holan, inda aka raba majinyata 308 gida biyu, rabi leza, rabi balan-balan. Bayan wata 6 leza ba ta fi balan-balan amfani ba. A lokacin kuma ragar ƙarfe mai tokare jijiya ta fara mamaye fagen. Yau ana ajiye leza ne don wuraren da suka gagara: tarin da balan-balan ya kasa ratsawa ko buɗewa, da ragar da ta sake toshewa.

Kammalawa

Kowane mataki na wannan tarihi ya gyara illar na gabansa, kuma gwajin kwatanci ne ya nuna wa leza iyakarta, ba farin jininta ba.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. Me ya sa zaren gilashi mai tsirara yake ɓula jijiya?
2. Wace illa hular ƙarfe ta rage, wacce kuma ta kawo?
3. Mene ne amfanin ruwan gishiri a aikin lezar eksima?